Fulin Inji a Hannun Kanikawan Tambuwal

Motar haya da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, kafin ta iso Tambuwal ta ci kimanin kilomita 100. Ta baro Boɗinga da Shagari da lodin da ya fi ƙarfinta, a gabanta kuma ga Aliero ga Jega, wata ma sai Yawuri ko Kwantagora za ta kwana. Duk abin da ya fara kwancewa a cikin inji tun daga tasha, a wannan tsakani yake bayyana kansa. Shi ya sa bakin titin Tambuwal ba ya rabo da gareji: rumfar kwano, ƙasar da ta sha baƙin mai har ta daskare, akwatin sifanu, da yara masu koyon aiki suna jiran maigida ya ce a ɗaga bonet. Motocin da ke shiga Kebbe da ƙauyukanta, irin su Kuchi da Margai da Ungushi, inda ake sauka daga kwalta a hau yashi da kwazazzabai, su ma nan suke kawo ciwon da ya gagari bakaniken ƙauye.

Cikin abubuwan da ke tsayar da waɗannan motoci akwai wani faifan ƙarfe da direbobi da yawa ba su san da zamansa ba sai ranar da ya ba su kunya. Shi ne fulin da ke ɗaure a bakin kiranshaf, can ƙasa a gaban inji. A kansa bel yake hawa, ya zagaya ya juya altaneta mai cajin batir, da famfon da ke sassauta sitiyari, da kwamfaresan esi, a injina da yawa har da famfon da ke kai ruwa lagireto. Daga nesa sai a ɗauka dunƙulen ƙarfe ɗaya ne. Maigidan da ke son yaronsa ya gane, yakan ɗauko wanda ya mutu daga cikin tarkace, ya goge shi da fetur ya nuna masa. A yawancin motocin da ke bin wannan hanya a yau, gida uku ne: cibiya da ake ɗaure wa kiranshaf da babban bol, zobe mai nauyi a waje inda bel ke kwanciya, sai siririn layin roba da aka matse tsakaninsu a masana'anta. A kan wannan roba ake gane bakanike, a kuma gane mai kwance noti kawai.

Dalilin sa ta shi ne inji dukan kiranshaf yake yi. Duk lokacin da mai ya kama wuta a silinda, fistin na saukowa da ƙarfi ya hankaɗi hannun kiranshaf. A inji mai silinda huɗu, sau biyu ake wannan duka a kowane zagaye. In inji na juyi 3,000 a minti, kamar yadda yake yi a miƙaƙƙen titi, duka 6,000 ke nan a minti, 100 a daƙiƙa guda. Ƙarshen kiranshaf na baya yana riƙe da filawil da kuloci da giya da nauyin motar baki ɗaya, don haka ba ya saurin amsawa, na gaba kuwa sakakke ne. Sai sandar ta ɗan murɗe, ta warware, ta sake murɗewa, da ɗan abin da ido ba ya gani. Kowane inji na da wani gudu da in ya kai, dukan fistin kan zo daidai da dawowar ƙarfen, murɗewar ta riƙa hawa kan kanta. Ƙarfe kuwa na gajiya. Duk wanda ya taɓa karya wayar ƙarfe da hannu ya san yawan lanƙwasawa gaba da baya ne ke tsinka ta. Aikin zoben nan mai nauyi shi ne ya ƙi bin rawar: cibiya na fizga, zobe na jinkiri, robar da ke tsakani ta shanye bambancin ta mai da shi zafi.

Matsalar ta girmi duk motar da ke hawa titinmu. Tun wajajen 1910 injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya yi rajistar na'urar da ake ɗaurawa a gaban kiranshaf don kashe wannan murɗewa, a lokacin da injina masu silinda shida ke addabar masu ƙera su. Manyan kanikawanmu kuwa a kan Peugeot 504 suka buɗe ido, wadda masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta cika ƙasar nan da ita. A zamaninsu ba a cika zancen fuli ba. Bel siriri ne, in ya saki a kwance altaneta a ja ta baya a ɗaure, in ya tsinke a ciro wani daga but. Zuwan Golf da Sharan da Peugeot 406 da Toyota iri-iri shi ya yawaita bel mai faɗi mai layi-layi, guda ɗaya na juya komai, da fuli mai roba wanda ke da wa'adi.

A ƙasashen da gyaran mota don gudu ya zama sana'a mai zaman kanta, Amurka da Japan da Jamus da Ingila, akwai kamfanonin da ke sassaƙa fuli daga dunƙulen alminiyam, su rina shi ja ko shuɗi, su sayar wa masu son motarsu ta wuce yadda aka ƙera ta. Bidiyonsu na yawo a Facebook da TikTok da YouTube, yana isa wayar duk saurayin da ke sha'awar wasan mota, a Abuja yake ko a Dogon Daji. Hujjarsu nauyi ce. In aka auna alminiyam da ƙarfe masu girma ɗaya, 2.7 ne a kan 7.8, wato sulusi da ɗan ɗoriya. Wani fulin girmansa ɗaya da na asali, nauyi kawai aka rage. Wani kuma an rage masa faɗi, don altaneta da abokan tafiyarta su riƙa juyawa a hankali su sauƙaƙa wa inji. Da yawa daga cikinsu dunƙule ne, ba roba ba zobe.

Masu wannan sana'a na da tasu gaskiyar. Abu mai juyawa, in aka rage masa nauyi, ya fi saurin ɗaukar gudu da saurin sauke shi, don haka direba zai ji inji na amsa totur da ɗan kuzari, musamman a giya ta ɗaya da ta biyu. Mai ƙaramin faɗi kuma na da amfani na gaske a filin tsere. Injin da zai daɗe yana juyi 7,000 a minti na wahalar da altaneta fiye da kima, famfon ruwa kuma in ya wuce wani gudu sai ya koma kaɗa kumfa maimakon tura ruwa. Rage musu gudu a wannan hali kariya ce, ƙarfin da suke ci kuma ya koma ƙafafun mota. Motar tsere ba ta tsayuwar jiran fasinja, ana kuma kwance injinta a duba a kai a kai. A wurinta ɗan abin da aka samu riba ne, domin da ƙiftawar ido ake cin tsere.

Sai dai fuli ba ya haifar da ƙarfi. Wutar da ke cikin silinda ita ce ita, man da ake ƙonawa shi ne shi. Ƙarfin da ke zubewa a hanya ake tsimi, shi ma ɗan kaɗan. Wahalar juya faifai na ga nauyinsa da kuma nisan nauyin daga tsakiya, in nisan ya ninka biyu wahalar huɗu take ninkawa. A ɗauki fuli mai kilo 2 da faɗin santimita 15, da filawil mai kilo 8 da faɗin santimita 28, dukansu a sanda ɗaya. Rabon fuli bai kai kashi ɗaya cikin goma na filawil ba. Ko an sauke masa kilo ɗaya da rabi, kuloci na nan, kiranshaf na nan, tayu huɗu na nan. Balle Sharan da ta cika da mutane, aka ɗaure mata buhunan albasar Aliero har ƙofar baya ta ƙi rufuwa, ta haura tan 2. Direban da ke neman sauƙin mai tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ba zai ga bambancin wannan fuli a gidan mai ba. Filogi masu kyau da iskar taya daidai da matatar iskar da ƙurar hunturu ba ta toshe ba sun fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Lissafin faɗin fuli ba baƙo ba ne a wannan yanki. Masu injin niƙa da na casar shinkafa a Kebbe da Sanyinna da Jabo sun san in aka rage fulin da ke kan inji, niƙa za ta yi sanyi, gari ya fito da tsaki. Haka abin yake a mota. Fulin kiranshaf mai milimita 150, na altaneta mai 60: altaneta na juyi biyu da rabi a kowane juyin inji. A silo, inji na 800 ita tana 2,000, ta riƙe cajin da mai wayarin ke son gani a mitarsa, 13.8 zuwa 14.4. A rage fulin ya koma 120, sai ta sauko 1,600. A kan titi ba za a lura ba. Amma motar hayar Tambuwal ta fi kowa sanin silo: a tasha ana lodi, a shingen jami'an tsaro, a cunkoson ranar kasuwa, a cikin yashi ana lallaɓawa. In dare ya yi ga fitilu, ga fankar lagireto da ake yawan haɗa wa waya kai tsaye don ta yi ta juyawa, ga cajar wayoyin fasinjoji. Sai fitila ta riƙa dushewa duk lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur, batir na bayarwa ba ya karɓa, wata safiya a murɗa makulli a ji shiru. A ɗora wa batir laifi a sayo sabo, shi ma ya bi sawun na farko.

Zafi ya fi wannan tsanani. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40. A injinan da famfon ruwa ke kan bel ɗin waje, kamar tsofaffin Golf da Toyota da yawa, ƙaramin fuli zai sa ruwa ya riƙa zagayawa a hankali daidai lokacin da iska ba ta bugun lagireto. A Peugeot 406 bel ɗin taimin ne ke juya famfon, don haka ita wannan bai shafe ta ba. Bakanike kan duba kafin ya yi magana. Motocinmu dama a kan gaɓa suke tafiya, ruwan rijiya ake ɗura musu mai barin tsatsa a lagireto. Injin da ya tafasa sosai sau ɗaya na iya ƙona gaskit ko ya lanƙwasa tof. Ga kuma ƙura: alminiyam ya fi ƙarfe taushi, yashin da bel ke kwasowa a hanyar Kebbe na guge layukan fuli har bel ya fara zamewa yana kuka.

Duk waɗannan ana iya yi musu dabara. Wanda ba a gani sai ya gama ɓarna shi ne rashin robar. Fulin dunƙule na mayar wa kiranshaf duk murɗewar da aka so a shanye, kuma ba ranar da aka ɗaura shi yake nuna hali ba. A hankali metal ke cinyewa, bel ko sarƙar taimin na shan fizga, famfon baƙin mai da ke zaune a bakin kiranshaf a injina da yawa na iya tsagewa, a ƙarshe sandar kanta ta iya karyewa. Injin dizal da mai silinda shida a jere sun fi shiga haɗarin. Ƙaramin injin fetur mai gajeren kiranshaf ya fi haƙuri, wasu ma tun daga masana'anta ba a sa musu robar ba. Manyan masu tsere kansu ba su yar da wannan kariya ba. Kamfanonin ATI da Fluidampr a Amurka sana'arsu ke nan, ƙera wadda ta fi ta asali juriya, ta Fluidampr ma da ruwan silikon mai kauri take aiki a madadin roba. Hukumar tseren NHRA kuwa na wajabta wa motoci masu tsananin gudu su sa wadda ta cika ƙa'idar SFI 18.1, don kada ta tarwatse ta raunata mutane.

Fulin alminiyam mai launi ba kaya ba ne da aka saba gani rataye a shagunan kayan gyara na Tambuwal. Amma ɗan'uwansa na nan, mu ke ƙera shi da hannunmu, shi ne kuma ya fi damuna. Roba na tsufa. Zafin inji na busar da ita, baƙin man da ke ɗiga daga sil ɗin gaba na kumbura ta, har wata rana zobe ya rabu da cibiya. Inji na ruri, bel na tsaye ko yana jan jiki, fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi tauri. Sai a kwance fulin a miƙa wa mai walda, ya ɗiga masa wuta wuri uku ko huɗu ya haɗe zobe da cibiya. Mota ta tashi, caji ya dawo, kowa ya yi hamdala. Abin da aka ɗaura yanzu fulin dunƙule ne, ya kuma fi na kamfani muni: ba lallai zoben ya zauna a tsakiya daidai ba, ɗigon walda ya sa gefe ɗaya ya fi nauyi, ƙarfen zubi kuma ba ya son walda, yakan tsage a gefen ɗinkin.

Ban ga laifin wanda ya yi haka a Kuchi da la'asar sakaliya ba, da mata da yara a mota, a shekarun nan da ba mai son dare ya riske shi a dazukan da ke tsakanin Kebbe da iyakar Zamfara. Walda ce za ta kai su gida, ran mutum kuwa ya fi kiranshaf. Laifin na farawa ne washegari, in aka mai da dabarar fita daji ta zama gyara. Zancen da ake yi a wannan gaɓa kusan iri ɗaya ne a kowane gareji.

"Maigida, bar shi hakanan. Tun da munka walde shi ba ta sake yin komi ba, kuɗɗin wani kau ba ni da su yanzu."

"Alhaji, na san halin da aka ciki. Amma wanga aiki na kai mota gida na. Biɗo ko na Beljiyam in ɗaura ma, kuɗɗin hannuna ka bari sai ka samu. In kiranshaf yak karye, inji gaba ɗai za ka saye."

Ba kowane bakanike ke faɗin haka ba. Wani na tsoron kada direba ya ɗauka kuɗi yake nema ya koma garejin gaba. Wani kuma da gaske bai san aikin robar ba, don ya ga motoci da yawa sun yi watanni da fulin walda ba abin da ya same su, wadda ta karye kuma an ce rashin baƙin mai ne ko tsufa. Tsakanin walda da karyewa akwai tazarar da ke ɓatar da sawu, shi ya sa darasin ke wuyar zama.

Wanda ya iya, tun roba ba ta rabu ba yake kama ta, kayan aikinsa kuma ba su da tsada. Farko kunne. Fulin da ya fara mutuwa na da wani ƙwas-ƙwas a silo, wanda kan canza in an kunna esi ko an murɗa sitiyari har ƙarshe, direba kuma ya rantse metal ne ya buga. Maigida zai dafa doguwar sukundireba a jikin altaneta ya kara kunne a ƙotarta, ya koma kan famfon sitiyari, yana ware boris ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta rage wa fuli. Sai ido: a tsuguna a kalli bakinsa inji na silo, in yana rawa gefe da gefe an samu. A kashe inji a haska tocila, a nemi tsaga a robar, ko inda ta bultso waje, ko garin tsatsa a kewayenta. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta alli. A ja layi ɗaya daga cibiya ya ƙetare roba ya hau zobe, a bar direba ya yi sawu ɗaya ya dawo. In layin ya rabu biyu, zobe na zamewa, magana ta ƙare. A injina da yawa ma alamar taimin a kan zoben take. In ya zame, duk wanda ya saita wuta da ita ya saita ƙarya.

Kwancewa da ɗaurawa su ma wurin gane hannu ne. Bol ɗin kiranshaf na cikin mafi tauri a jikin mota. Wasu kan tokare doguwar sifana da shasi su ɗan taɓa kik, ƙarfin sitata ya kwance shi. Dabarar na aiki, amma in sifana ta kuɓuce tana iya fasa lagireto ko ta karya hannun yaro. Fulin da ya kafe, ta cibiya ake jan sa. Wanda ya sa ƙarfe ya ɓanɓare shi ta bakin zobe ya yaga robar da hannunsa. Wajen mayarwa, kowane bugun guduma na bi ta cikin kiranshaf ya sauka a kan metal ɗin da ke hana shi motsi gaba da baya. In bol bai ɗauru sosai ba kuma, fuli zai riƙa wasa a kan ɗan makullin ƙarfen da ke riƙe shi har tsagar ta faɗaɗa. A wasu injinan Volkswagen sau ɗaya ake ɗaura bol ɗin, don miƙewa yake yi, kuma da ma'auni ake ɗaure shi. A garejinmu da ƙyar ake samun sifana mai ma'auni. Bututu ake zura wa sifana, a ɗaure har hannu ya ce ya isa.

Fulin canji kuwa Sakkwato ake aikawa ko Jega. In ya yi wuya a kira Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, a sako shi a mota. Na Beljiyam, wanda aka ciro daga injin da ya gama aiki a Turai, ƙirar asali ce, amma robarsa ta yi shekarun motar da ya fito daga cikinta. Sabo na kwali hawa-hawa ne, akwai mai kyau mai tsada, akwai wanda siffar kawai ya ɗauko. Bakanike kan riƙe tsohon a dama, sabon a hagu, ya jinjina. In sabon ya fi sauƙi da yawa, wani abu aka rage. Ya ƙirga layukan bel, biyar ne ko shida, ya haɗa su baki da baki ya ga ko tsayinsu ɗaya, domin fulin da ya fito waje da 'yan milimita zai riƙa cin gefen bel. Zaren da ya ɓalle na iya shigewa bayan fuli ya faɗa murfin taimin, bel ɗin taimin ya tsallake haƙori, bawul su haɗu da fistin.

Duk wannan sani a baki da hannu yake tafiya. Uba kan kawo yaro ya damƙa wa maigida, ya fara da wanke noti a fetur da miƙa sifana, ya koyi bambanta lamba 10 da 13 da 17 da ido, shekaru su tafi kafin a bar shi ya buɗe inji shi kaɗai, a ƙarshe a yaye shi da addu'a. Tsari ne da ya ciyar da gidaje masu yawa, ina kuma girmama shi. Rauninsa shi ne yaro ba ya wuce abin da maigidansa ya gani, motoci kuwa sun riga bayani isowa. Altanetar wasu motocin dizal na zuwa da ɗan fuli mai sakin kansa ta gefe ɗaya don ya rage fizgar bel. In ya kafe, ko aka musanya shi da dunƙule, bel ya yi ta tsalle ana canza abin matse shi ba a san inda ciwon yake ba. Da ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, da makarantun koyon sana'a na jiha za su riƙa zagayawa gareji-gareji da irin waɗannan ƙananan batutuwa cikin Hausa, su kuma ajiye sifana mai ma'auni ko guda ɗaya ce da maƙwabta za su riƙa ara, da an ceci injina masu yawa.

Saurayin da ya zo da Corolla ko Civic yana son ta ƙara kuzari, bakaniken kirki ba zai kore shi ba. Zai fara duba ko fulin asali na da roba. In yana da ita, ba a taɓa shi sai dai a canza da irinsa, ko da wanda aka ƙera da nasa maganin murɗewa. In ado yake so da ɗan rage nauyi, fulin famfon ruwa ko na famfon sitiyari na iya komawa alminiyam, muddin faɗinsu bai canza ba kuma sun zauna a layi ɗaya da sauran. Mai motar haya kuwa shawararsa ta fi sauƙi. Ranar canjin bel ɗin taimin dole fuli ya sauka, don haka a ranar ake wanke shi a duba robar a hasken rana, a canza sil ɗin gaba in yana jiƙa, a sa sabon bol in injin na cikin masu buƙatar haka, a ce wa direba ya biyo da motar bayan mako guda a sake dubawa.